Wa Ke Jinyar Makaɗi? Waiwaye Daga Ƙofar Fada Zuwa Unguwar Yara



Watan Yuni wata ne da bai kamata ya wuce mu haka kawai ba, mu da muka tashi da rediyo a kunne. A cikinsa ne Allah ya karɓi ran manyan mawaƙanmu guda biyu. Ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, Alhaji Mamman Shata ya cika a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka ɗauki gawarsa zuwa Daura aka yi masa sutura a can. Bayan shekara 16, ranar Asabar 20 ga Yuni, 2015, muna cikin azumi, sai ga labarin rasuwar Alhaji Adamu Ɗanmaraya daga Jos. Allah ya jiƙansu, ya yafe musu kurakuransu, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

To, yaya muke tunawa da su? Kowa ya sani. A kunna waƙa a waya ko a rediyon mota, a girgiza kai, a ce, "Kai, an yi maza, ba za a sake irinsu ba." Sai mai saye ya shigo, a kashe, a ci gaba da ciniki. Kwanakin baya muna zaune a bakin shago bayan la'asar ana irin wannan hira, sai wani dattijo daga cikinmu ya jefo tambaya. Ya ce, "Ku da kuke ta yabon Shata, ina makaɗansa? Ina 'yan amshinsa? Wanda ya kwanta ciwo a cikinsu, wa ya biya masa kuɗin magani?" Wuri ya yi tsit. Wannan tambaya ce ta sa muka ɗauki alƙalami, ko da yake mu ba marubuta ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu Islamiyya. Amma abin da muka ji daga manya, da wanda muka gani da idonmu, da ɗan abin da yaranmu 'yan makaranta suka karanto mana, ya isa a ɗora magana a kai.

Mu fara daga fada, domin can ne tushen abin. A zamanin da, makaɗi ba ya zama shi kaɗai kamar bishiya a fako. Kowane makaɗi da ubangidansa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu ne. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi a Sakkwato. Sa'idu Faru kuwa ba a raba sunansa da na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, daga fadar Maradun ya fito kafin duniya ta san shi da waƙoƙin Sardauna. Abin da ke tsakanin irin waɗannan makaɗa da sarakunansu ya wuce "yi mini waƙa in ba ka kuɗi". Sarki ne ke ba makaɗi gida da gona, ya ba shi doki da riga da rawani, ya aika masa da damman hatsi da kaka, ya yi masa aure, ya yanka ragon suna idan an yi masa haihuwa. Saboda haka idan ciwo ya kama makaɗi, babu wani zaman shawara da za a yi a kan wa zai ɗauki nauyi. Abin kunya ne ga basarake a ce makaɗinsa na kwance babu mai duba shi, domin abokan hamayyarsa za su ji, kuma makaɗansu na da baki.

Waɗanda ba na fada ba su ma ba a bar su a rana ba, domin kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera ce, manoma na da gangar noma, 'yan dambe na da nasu makaɗan irin su Ɗan'anace. Mai kalangun mahauta yana da rabonsa a duk dabbar da aka yanka, makaɗin noma yana da daminsa ranar girbi. Ba a rubuta wannan a takarda ba, amma ya fi takarda ƙarfi. Sa'an nan kada mu manta, jinyar wancan lokaci ba ta da tsadar ta yanzu. Wanzami ne da ƙahonsa, da mai ɗori, da mai saiwa, da rubutun malam. Ladansu zakara ne ko mudun gero, wani ma sai ka warke ka kawo abin da ya sawwaƙa.

Ba mu ce tsarin nan ba shi da aibu ba. Makaɗin fada ba shi da bakin kansa, kuma ranar da aka tuɓe ubangidansa, ranar shi ma rigarsa ta tuɓe. Amma dai inuwa ce, an kuwa sha ta.

Mu da iyayenmu suka baro gida, wannan tarihi yana da wani reshe da ya fi shafarmu. Ita kanta Keffi, Abdu Zanga da ya kafa ta a farkon shekarun 1800 daga ƙasar Katsina ya fito, kuma garin ya zauna ne a kan hanyar fatake masu gangarawa daga Kano da Zazzau zuwa Loko a bakin Binuwai. Duk inda ayari ya sauka ya yi zango, ba a daɗewa sai ka ga mahauci ya zo, wanzami ya zo, malami ya zo, makaɗi ya biyo su. A irin wannan zama na baƙunta, Sarkin Hausawa da masu masauki su ne ke tsayawa a matsayin da sarki ke tsayawa a gida. Baƙo ya yi ciwo, su ne. Baƙo ya mutu, su ne masu likkafani, su ne kuma masu riƙon abin da ya bari.

Babu shaidar da ta fi Ɗanmaraya kansa. An haife shi a 1946 a Bukur, garin masu haƙar kuza kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne, ya rasu yaron na jariri, ba a jima ba mahaifiyar ma ta bi shi. Wa ya ɗauke shi? Sarkin Hausawan nan, wato ubangidan mahaifinsa. Bai ce aikin uba ya ƙare da mutuwar uba ba. Shi ya riƙe yaron har ya yi wayo, har ya je Maiduguri ya ga masu kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigin nan fa ba wani abu ba ne illa ƙaramin gwangwani da fata da tsirkiya guda ɗaya, amma da shi ya zagaya ƙasashe, da shi ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da babu mai ganin karen mota da gashi, da shi ya yi wa iyaye faɗa a kan auren dole. Ku duba fa, jama'a. Da Sarkin Hausawan Bukur ya kau da kai, da babu Ɗanmaraya. Wato kyautar da zaman baƙunta irin namu ya yi wa ƙasar Hausa gaba ɗaya ke nan. Daɗin daɗawa, mu mutanen Keffi muna da wani haƙƙi na daban a kansa, domin tun daga 1967 da aka yi jihar Binuwai da Filato, har zuwa 1 ga Oktoba, 1996 da aka yanke mana Nasarawa, Jos ce hedikwatarmu. Ɗan jiharmu ne na kusan shekara 30.

To, ina inuwar ta tafi? Ba rana ɗaya ta gushe ba. Da farko dai ƙarfin sarakuna ya ragu. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Sarkin da ya koma jiran albashi ba zai iya riƙe makaɗa goma da iyalansu kamar yadda kakansa ya yi ba, ko da yana so. A daidai wannan lokaci kuma wata ƙofa ta buɗe, wato rediyo da faifai. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryar mawaƙi inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Sai aka sami sabon irin mawaƙi, wanda ba na sarki ɗaya ba ne, na kowa ne.

Shata shi ne uban wannan layi. An haife shi a Musawa a 1923, ba ɗan gidan kiɗa ba ne, hasali ma ɗan'uwanmu ne a sana'a, domin da tallan goro da alewa ya fara. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da 'yan siyasa da sojoji, bai yarda wani ya ɗaure shi a turke ɗaya ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A bayansa da gefensa ga su Haruna Uji da gurmi, ga masu kukuma, ga Hajiya Barmani Choge da ƙwaryarta tana zuga mata su kama sana'a. Wannan 'yanci ne, kuma an ci moriyarsa. To amma fa wanda ya zama na kowa, ranar ciwo sai a wayi gari ba na kowa ba ne. Abincin irin wannan mawaƙi yana hannun mai liƙi, shi kuwa liƙi sai kana tsaye a fili murya na fita. Ranar da ka kwanta, ranar kuɗi suka tsaya.

A nan ne ya kamata mu 'yan kasuwa mu sunkuyar da kai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zamanin kaset, wato shekarun 1980 da 1990, wa ya ci ribar muryoyin nan? A kowace tasha da kowace kasuwa akwai mai rumfa da rikoda biyu, ka kawo kaset fanko ya juye maka Shata gaba da baya, ka biya shi ladansa. Wasunmu sun yi wannan sana'a, sauranmu kuma mun saya. Da waƙoƙin nan muka riƙa jawo masu saye zuwa rumfunanmu, da su direbobinmu suka riƙa korar barci a hanyar Akwanga da ta Kaduna. An yi dokar kare haƙƙin mallaka a 1988, amma mu dai ba mu taɓa ganin wanda ya aika wa mawaƙi ko sisin kwabo daga kuɗin juyi ba. Yanzu kuwa abin ya fi sauƙi, yaro zai tura maka waƙa ɗari a waya kafin ka gama shan shayi. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mun ci lada, askin ne ba mu yi ba.

Ana cikin haka ita kuma jinya ta canza kama. Masu shekarunmu za su tuna da jawabin juyin mulki na ranar 31 ga Disamba, 1983, inda Birgediya Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitocin ƙasar nan sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani. Daga 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, naira ta faɗi, magani ya yi tsada, aka koma komai sai ka saya, tun daga kati har safar hannu. Cututtukan da suka fi kama dattawa kuma, irin su hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda, ba irin waɗanda ake warkewa a mako guda ba ne. Su kullum ne, har ƙarshen rai. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, shekarar da Shata ya rasu, aka ƙaddamar da shirin a 2005, amma waɗanda suka fara cin moriyarsa ma'aikatan gwamnati ne masu albashi. Makaɗi kuwa ba shi da albashi, ba shi da fansho, ba shi da ofishin da zai kai takarda.

Shata ya yi doguwar jinya, an kwantar da shi a Kano, an kai shi har Jidda. Mutum irinsa ba ya rasa masu tsaya masa. Ba shi ne abin tausayi ba a wannan magana. Abin tausayi su ne mutanen da ke bayansa da bayan ire-irensa, masu kalangu da 'yan amshi da sanƙira, waɗanda ba a san sunansu ba sai dai a ji muryarsu. Uban tafiya ya faɗi, ƙungiya ta watse, mutum ya kai shekara sittin bai iya komai ba sai kiɗa. Ga shi kasuwar ma ta tashi, tun da waƙoƙin fiyano na situdiyo suka shigo tare da finafinan Hausa, kuma mai biki ya gane cewa ɗauko dije guda da lasifika ya fi masa araha a kan ciyar da makaɗa bakwai.

Ba sai mun je Funtuwa ko Kano neman misali ba. A nan unguwarmu an yi wani dattijo mai kalangu, ba za mu ambaci sunansa ba saboda iyalinsa na nan tare da mu, amma manyanmu sun gane shi. Ya zo garin nan tare da mahauta tun ana jihar Filato. Shi ke kiɗa idan an yi yanka, shi ke tashinmu sahur, kuma da wuya a sami gida a cikinmu da bai je suna ko ɗaurin aure ba. Ya san kakan kowa da garin da ya fito. Idan ya kama kirarin gidanku, sai ka ji kamar an ɗauke ka an ajiye a ƙofar gidan kakanka a arewa. Ashe yana fama da hawan jini. An rubuta masa magani na wata-wata, ya saya sau biyu ko uku, da bukukuwa suka ja baya sai ya daina, bai kuwa gaya wa kowa ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana roƙo a bainar jama'a, sai ga shi ya ji kunyar roƙon kuɗin magani. Wata safiya aka wayi gari ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da yake riƙe makaɗi da shi ke nan.

Aka kai shi wani asibiti, aka ce a ajiye kuɗi. Muka yi abin da muka saba, wato sanarwa bayan sallar isha'i, da zagayawa rumfa-rumfa da takarda. Wannan ya ce a dawo gobe, wancan ya ce kaya bai fita ba. Kafin kuɗin su haɗu an kwana tara. Allah ya yi masa rasuwa ba a daɗe ba. Mun san kwana ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma abin da har yau yake ci mana rai shi ne ranar sadakar bakwai. Ranar kowa ya fito. An dafa shinkafa, an raba goro da dabino, an kafa rumfa an yi hayar kujeru. Da muka zauna muka yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa, sai muka ga abin da aka kashe a wannan yini guda ya isa ya saya masa maganin hawan jinin nan na fiye da shekara. Ihu bayan hari ke nan.

Da muke ba da wannan labari a gida, sai ɗanmu da ke karatu a jami'ar nan ta Keffi ya ce ai Turawa ma sun taɓa shiga irin wannan kunya, ya karanto mana yadda suka yi. A birnin Landan, a 1738, wasu makaɗa uku suna tsaye a ƙofar wani gidan shan gahawa sai suka ga yara biyu cikin tsumma suna kora jakuna. Da suka duba sai suka gane 'ya'yan abokin sana'arsu ne, wani mai busa da ake kira Kytch, wanda ya mutu a tsiyace. Abin ya dame su, suka tara 'yan'uwansu makaɗa fiye da 200, suka kafa asusu na taimakon makaɗan da ƙarfinsu ya ƙare da iyalansu, kowa na zuba nasa a kai a kai. Shahararren mai tsara kiɗan nan Handel yana cikin waɗanda suka sa hannu, kuma da zai mutu a 1759 ya bar wa asusun wasiyyar fam 1,000. Har yau ƙungiyar na nan.

Na biyun ya fi kusa da abin da muke nufi. A watan Janairu na 1921 wani mawaƙin Ingila mai suna Gervase Elwes ya gamu da ajalinsa a tashar jirgin ƙasa ta birnin Boston a Amurka. Abokansa suka zauna shawarar yadda za su tuna da shi. Da sun ga dama da sun gina masa gunki a bakin titi, ai al'adarsu ce. Sai suka buɗe asusu da sunansa don taimakon mawaƙa da makaɗa. Asusun nan ne ya girma ya zama ƙungiyar da yanzu ake kira Help Musicians, wadda ta haura shekara 100 tana tallafa wa makaɗan da ciwo ko tsufa ya kayar. Waƙoƙin Elwes sai ɗaiɗaikun mutane suka san su a yau, amma abin da aka dasa da sunansa bai daina 'ya'ya ba. Da muka ji haka sai muka ce, ashe sadaka mai gudana suka yi ba su san sunanta ba. Mu da aka karantar da mu tun muna ajin farko na Islamiyya cewa tana cikin abubuwa uku da ladansu ke bin mamaci kabari, mu ne muka tsaya a shinkafar bakwai.

Mun san akwai masu ja, kuma ba za mu raina hujjarsu ba. Na farko za su ce kiɗa ba abin ƙarfafawa ba ne a addini. Gaskiya ne Shehu Usmanu ya soki kiɗe-kiɗen wasa a rubuce-rubucensa, kuma malamai sun daɗe suna saɓani a kan wanda ya halatta da wanda bai halatta ba. Mu ba malamai ba ne, ba za mu yanke wannan ba. Amma ai ba kalangu za mu saya wa kowa ba, magani za mu saya. Kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba sun fara ne da faƙirai da miskinai, ba mu kuwa ji an ce a tambayi miskini sana'arsa kafin a ba shi ba. Addinin da ya gaya mana an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba shi zai hana mu sayen maganin tsohon da ya yi shekaru yana tashinmu sahur ba.

Na biyu za su ce ai sun samu, su suka watsar. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Makaɗa da yawa hannunsu a sake yake, abin da aka liƙa musu da dare kafin azahar ya bi iska. To amma ku tuna, kuɗin da aka liƙa wa uban kiɗa ba shi kaɗai ke ci ba, kuma abin da ke isa hannun ɗan amshi na ƙarshe bai taka kara ya karya ba. Sa'an nan mu kanmu, 'yan kasuwa nawa muka sani da suka yi kuɗi suka karye, muka haɗa musu jari ba mu tsaya yi musu tonon silili ba?

Abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya da dattawanmu su duba ba wani babban abu ba ne, kuma kayan aikinsa duk muna da su. Mun iya adashi, mun iya gudummawar biki, mun iya karo-karon gyaran masallaci. A ware watan Yuni na kowace shekara a yi tarin kuɗi da niyyar Allah ya kai ladan ga Shata da Ɗanmaraya da sauran makaɗan da suka riga mu, har da namu na unguwa. Mai N500 ya kawo, mai N50,000 ya kawo. Tun da dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, kuma jihar Nasarawa na da tata hukumar inshorar da ke karɓar masu sana'ar hannu, abu na farko shi ne a biya wa tsofaffin makaɗanmu kuɗin shekara a yanka musu kati, domin su riƙa zuwa awon jini da karɓar magani tun ciwo bai kayar da su ba. Ga Asibitin Tarayya a cikin garin nan, ba sai an yi doguwar tafiya ba. Abin da ya saura a ajiye shi don larurar gaggawa, kada a sake kwana tara ana yawo da takarda.

Amma fa a yi hattara da abin da ya kashe asusu da yawa a gabanmu. Kada a danƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu, a biya asibiti ko kemis kai tsaye a karɓi rasit. Kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum uku, a kuma karanta lissafi a gaban taro, ko da wani zai ɓata rai. Kada a jira ɗan siyasa ya zo ya yi alkawarin miliyan a lasifika, mun sha ganin irin wannan miliyan, ba ta isowa. Haka kuma kada a kira mara lafiya gaban jama'a a ɗauki hotonsa ana miƙa masa ambulan. Wanda ya ɓoye ciwonsa saboda kunya, ba a gyara masa da tallata shi.

Wani daga cikinmu ya kawo maganar maƙwabtanmu, Gwandara da Eggon da Mada da Gbagyi da sauransu, cewa su ma suna da tsofaffin makaɗa, kuma a kasuwa ɗaya muke ci. Mu a ganinmu maganarsa na kan hanya, domin Ɗanmaraya da za a yi abin da sunansa a tsakiyar ƙabilu ya tashi, kuma zaman lafiya ya yi ta kira har ya koma ga Allah. Sai dai a fara da abin da hannu zai iya ɗauka, in asusu ya yi ƙwari a buɗe ƙofa.

Aikin farko dai ba ya bukatar ko kwabo, wato a san su waye. Duk wanda ya san wani tsohon mai kalangu, ko mai algaita, ko maroƙi, ko zabiya, ko mai kiɗan ƙwarya a Yara da unguwannin da ke kewaye da mu, ya kai sunansa wurin sakataren ƙungiya kafin taro mai zuwa. A bincika har Masaka da Mararaba, domin an ce akwai waɗanda suka taɓa yi wa manyan mawaƙa amshi da yanzu suke gadi a can. Iyayenmu mata su taimaka da sunayen zabiyoyi, su suka fi mu sanin gidajen da suke kwance.